Rina gashi a gida: Lalle, dayis da abin da ba a karantawa a jikin kwali

Saura kwana biyu ɗaurin auren 'yarta, wata gwaggona ta yanke shawarar cewa furfurar da ta fito mata a gaban goshi ba za ta shiga hoton biki ba. Ta aiki yaro kanti ya sayo mata baƙin rini irin na 'yar leda, ta kwaɓa a murfin roba, ta shafa da tsohon buroshin goge baki, ta wanke, ta ɗaura ɗankwali ta ci gaba da hidimar baƙi.

Ba wannan ne karonta na farko ba. Ta yi shekaru tana rina kanta ba tare da ko ƙaiƙayi ba, shi ya sa da fatar kan ta fara zafi da daddare sai ta ɗauka gajiya ce. Washegari da yamma goshi ya kumbura, bayan kunne ya fara tsattsafo da ruwa. Ranar ɗaurin aure idonta ɗaya ba ya buɗuwa. A gadon asibiti ta wuni, kuma hoton da take gudun furfura ta ɓata, ko fitowa ba ta yi a cikinsa ba.

Rina gashi a gida ya zama ruwan dare a garuruwanmu. Akwai matan da kuɗin shagon gyaran gashi ya yi musu yawa, akwai waɗanda ba sa son buɗe kai a waje. Akwai magidantan da ke gyara gemu ana gobe Sallah, akwai kuma samarin da suka ga kan Victor Osimhen a talabijin suka ce su ma sai sun yi ruwan zinare. Kowannensu na iya yin aikin a tsakar gida ya fito lafiya. Sai dai yawancinmu muna zaɓen rini ne da hoton da ke jikin kwali, takardar da ke ciki kuwa da ita ake goge hannu.

Abin da ke faruwa a cikin silin gashi

Kowane silin gashi yana da rufi a waje mai kama da ɓawon jikin kifi, ɗaya bisa ɗaya. A ƙarƙashin rufin ne launin yake, wani sinadari da ake kira melanin, wanda ƙwayoyin halitta da ke tushen gashi suke samarwa. Idan suka gaji suka daina, sai gashi ya tsiro ba launi. Furfura ke nan. Gado ne ya fi yanke lokacin fitowarta, kuma cire sili ɗaya ba ya haifar da goma kamar yadda ake faɗa. Rami ɗaya gashi ɗaya yake fitarwa.

Rinin kanti iri-iri ne. Wani a saman rufin kawai yake zama, wanki ɗaya ko biyu ya tafi. Wani yakan ɗan shiga ciki ya riƙa dusashewa a hankali cikin 'yan makonni. Na dindindin shi ne wanda ya fi rufe furfura, kuma shi ne ya fi aiki da ƙarfi: amoniya ko makamancinta ta ɗaga rufin, ruwan haidirojin feroksaid ya kashe wani ɓangare na launin asali, sannan ƙananan ƙwayoyin rini su shiga ciki su haɗu da juna su yi girman da ba za su iya fitowa ba. Shi ya sa ba ya wankuwa. Sai dai gashi ya tsiro, a aske ko a datse wanda aka rina.

Alamar irin wannan rini ita ce sai an haɗa abu biyu kafin a shafa. Amma kada a ruɗu da garin da ake kwaɓawa da ruwa zalla. Da yawansa yana ɗauke da wani gishiri da ke sakin feroksaid ɗin da zarar ruwa ya taɓa shi, don haka shi ma na dindindin ne. Haka shamfun baƙanta gashi da ya cika kasuwa, mai leda aljihu biyu: rini ne aka zuba wa kumfa. Rubutun da ke cewa babu amoniya kuwa warin kawai ya rage, yawanci an musanya ta ne da wani sinadarin da ke yin aikinta.

Sana'ar ba ta jiya ba ce. A 1907 wani masanin sinadarai a Faransa, Eugène Schueller, ya haɗa rinin gashin da yake sayar wa masu gyaran kai a Paris, kamfanin da ya kafa a 1909 shi ne ya zama L'Oréal. Tushen aikin bai sauya sosai ba tun wancan lokaci.

Lambar ta fi hoton gaskiya

Kamfanoni suna auna duhun gashi da lamba daga 1 zuwa 10. Lamba 1 baƙi ne wuluk, 10 kuma ruwan zinare mai haske ƙwarai. Gashin yawancinmu yana tsakanin 1 da 3. Matar da ke murmushi a jikin kwali, sau da yawa a kan gashi mai haske aka zuba mata launin, don haka abin da ya fito mata ba shi zai fito miki ba. A juya kwalin a duba gefe ko baya, inda ake nuna launin gashi kafin da bayan rini. Can ne gaskiyar take.

Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ga mai yi a gida ita ce kada a yi nisa da launin asali fiye da mataki biyu. Dalilin yana cikin melanin ɗin. Baƙin gashi idan ana kashe launinsa ba ya tsallakewa zuwa ruwan zuma kai tsaye. Sai ya bi ta ja, ya bi ta ruwan goro, ya bi ta ruwan ɗorawa. Saurayin da ya sayi lamba 9 ya shafa a kan baƙin gashi, abin da zai gani a madubi shi ne kai ruwan goro, kamar tsatsa. Kafin a kai irin launin 'yan ƙwallo sai an yi aiki da hodar bilicin, wani lokaci fiye da sau ɗaya, kuma wannan ba aikin tsakar gida ba ne. A ganina duk wanda ke son wannan launi ya tara kuɗi ya je wurin wanda ya iya, ko ya haƙura.

Ruwan feroksaid ɗin ma ƙarfinsa hawa-hawa ne, ana rubuta shi da lamba 10, 20, 30 ko 40, wato kashi 3, 6, 9 da 12 cikin 100. Mai lamba 20 ya isa rufe furfura. Mai 40 yana iya ƙona fatar kai, kuma babu abin da mai rufe furfura zai yi da shi.

Wani abin da ke ɓata wa mutane lissafi: rini ba ya ɗaga rini. Wadda ta rina baƙi a watan jiya, yau ta sayo ruwan ƙasa ta shafa a kai, tsiron da ke tushe ne kawai zai sauya, sauran ya tsaya baƙinsa. Sai a samu kai mai launi biyu. Baƙi shi ne mafi sauƙin shiga, shi ne kuma mafi wahalar fita.

A nan ne nake ganin masu rufe furfura suka fi yin kuskure. Hannu yakan tafi kai tsaye ga lamba 1, saboda mun ɗauka gashinmu baƙi ne wuluk. Ki fita rana ki duba silin gashinki, za ki ga yana da ɗan ruwan ƙasa. Baƙi wuluk a kan fuskar ɗan shekara 55 yakan tona asirin da ake son rufewa, musamman a gemu, inda ake hango shi daga nesa kamar an shafa bakin tukunya. Sannan gashi yana tsiro kusan santimita ɗaya a wata, don haka bayan mako biyu ko uku farin layi zai bayyana a tushe, kuma gwargwadon duhun rinin gwargwadon yadda layin zai fito fili. Lamba 2 ko 3 a idon mai kallo baƙi ne, amma ya fi kama da na Allah.

Ga masu son ɗan launi, jinin kare da ruwan makuba suna zama da kyau a kan baƙar fata da wankan tarwaɗa, kuma ba sa buƙatar a kashe launin asali sosai. Sai dai ja ya fi kowane launi saurin dusashewa, kuma shi kaɗai a kan furfura mai yawa yakan fito da haske fiye da yadda ake so. Launin da aka rubuta wa sifili bayan ɗigo, kamar 3.0, ko harafin N, shi ne wanda ya fi rufe furfura.

Kafin a shafa wa kai duka, a ɗebi gashin da ya maƙale a mataji, ko a ware ɗan tsagi a ƙeya, a gwada a kai. A wanke, a bari ya bushe, a duba a hasken rana, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba.

Lallen da muka gada

Kafin kwali ya zo, lalle ne rinin Bahaushe, kuma har yau garinsa yana nan a Kasuwar Rimi da Kurmi a Kano da kowace kasuwar ƙauye. Ganyen yana ɗauke da wani sinadari mai suna lawson da ke manne wa gashi da fata da farce. Launi ɗaya yake bayarwa: tsakanin ruwan goro da ja mai duhu. Ba ya haskaka gashi, ba ya kuma baƙanta shi. A kan baƙin gashi sai an shiga rana ake ganin ɗan ja-ja. A kan furfura kuwa yana kamawa sosai, shi ne jan gemun da ake gani a fuskar dattawa a sahun gaba na masallaci.

Aikinsa yana son haƙuri. A tankaɗe garin da rariya mai laushi, don wadda ta taɓa tsintar karan lalle a cikin cukukken gashi ba ta mantawa. A kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan lemun tsami ko ruwan tsamiya, a rufe a ajiye na wasu awanni har launin ya saku. A shafa da kauri, a rufe da leda, a bar shi awa biyu zuwa huɗu. Ranar farko launin yakan yi haske har ya ba mutum tsoro. Cikin kwana biyu zuwa uku yake nuna ya yi duhu. Yana busar da gashi, musamman da hunturu, don haka a bi shi da man kaɗanya ko man kwakwa.

Wanda ba ya son ja yana da mafita a cikin wani ganyen da muka sani, wato baba, wanda marina irin na Ƙofar Mata suke samun shuni daga gare shi. Garin busasshen ganyen baba idan aka haɗa da lalle yana ba da ruwan ƙasa. Idan kuma aka fara yin lalle aka wanke, sannan aka bi da baba shi kaɗai, gashi yakan yi duhu har ya kusa baƙi. Bambancinsa da lalle shi ne ba ya son jira: ana kwaɓawa, bayan 'yan mintoci a shafa, in ya daɗe ƙarfinsa ya tafi. Garin ganyen ake nufi, ba ruwan karofi ba, wanda aka haɗa da toka don rina tufafi.

Lalle ma yana da nasa sharuɗɗan. Ba ya fita, don haka wadda ke tunanin komawa wani launi nan da wata biyu ta yi tunani. Wasu lallen kwali da ake shigowa da su ana haɗa musu gishirin ƙarfe don launin ya sauya, kuma idan feroksaid ya haɗu da wannan gishiri a kan gashi yana iya yin zafi, gashin ya kakkarye ko ya koma kore-kore. Mafi muhimmanci, likitoci sun tabbatar da cewa lalle a jikin jariri ko ƙaramin yaro mai ƙarancin sinadarin G6PD yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ya kawo shawara da ƙarancin jini mai tsanani. Wannan ƙarancin gado ne, yana da yawa a Najeriya, musamman a tsakanin yara maza, kuma iyaye da yawa ba su san ɗansu yana da shi ba. A bar jarirai da lalle.

Babu ganyen da ake kira baƙin lalle

Abin da ya kwantar da gwaggona sunansa PPD. A jerin sinadaran da ke jikin kwali ana rubuta shi p-Phenylenediamine. Shi ne ƙashin bayan yawancin rinin dindindin, kuma launi mai duhu ya fi mai haske yawansa. A 2006 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin cututtukan fata da taɓa abu ke jawowa ta ayyana shi a matsayin sinadarin borin jini na shekara, don jan hankalin jama'a. A Tarayyar Turai doka ta taƙaita shi zuwa kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa rinin, ta kuma wajabta rubuta cewa ba a yi shi don 'yan ƙasa da shekara 16 ba.

Yadda yake aiki shi ne abin da ke yaudarar mutane. Karon farko da ya taɓa fata, sau da yawa ba a ganin komai. A ɓoye garkuwar jiki take haddace shi. Ana iya shafe shekaru a haka, sai rana ɗaya ta ɗauke shi a matsayin maƙiyi. Daga ranar kuwa har ƙarshen rayuwa, duk lokacin da ya taɓa fata sai ta tayar, kuma kowane karo yakan fi na baya muni. Alamun ba sa fitowa nan take. Yawanci sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Don haka maganar na saba yi ba ta kare kowa.

Ga inda abin ya shafe mu fiye da wasu. Dayis ɗin da ake zana wa amare da ƙawayensu a hannu da ƙafa, wanda ake kira baƙin lalle, ba ganye ba ne. Yawanci rinin gashi ne mai PPD, ko lalle da aka zuba masa shi don ya yi baƙi ya kama cikin mintoci. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban sun samu adadin da ya ninka abin da aka yarda a sa a rinin gashi sau da dama. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a ɗora PPD kai tsaye a kan fata ba. Yarinyar da aka yi wa zanen Sallah tana 'yar shekara takwas, zanen ya tashi ya yi ƙuraje ya bar tabo, wataƙila a ranar jikinta ya haddace sinadarin. Shekara 30 bayan haka, ranar da ta fara rufe furfura, za ta biya bashin. Kwalayen rini da yawa suna ɗauke da gargaɗi a kan wannan zane, da Turanci, da ƙananan haruffa.

Duk wanda zanen dayis ya taɓa tayar masa da fata, rinin dindindin ba nasa ba ne. Wasu kamfanoni suna musanya PPD da ɗan uwansa da ake taƙaita sunansa PTD, su rubuta babu PPD a gaban kwali, amma da yawa daga waɗanda jikinsu ya ƙi na farko yana ƙin na biyun. Likitan fata ne zai iya gwadawa ya tantance. Yana da kyau kuma a sanar da likita ko likitan haƙori, domin mai wannan lalura jikinsa na iya ƙin wasu magungunan kashe zafi da ake shafawa, da rinin wasu baƙaƙen tufafi.

Gwajin da kowane kwali ke umarta bai da wuya. A shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu kamar yadda takardar ta bayyana, a jira awa 48. Ja, ƙaiƙayi, kumburi ko zafi, kowanne ya isa a fasa. Ana yin sa kowane karo, ko da irin kwalin da aka saba ne. Ba garanti ba ne, amma gara ƙurji ɗaya a bayan kunne da kumburin fuska duka. Ma'anarsa kuma ita ce mai son rini don Sallah ko biki ya sayi kayansa mako guda kafin ranar, ba daren jajibiri ba.

Idan ana cikin shafawa aka ji zafi mai tsanani, a wanke nan take da ruwa mai yawa. Idan leɓe ko harshe ko fuska suka fara kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko jiri ya kama mutum, ba lokacin shafa man shanu ko jiran gari ya waye ba ne. Asibiti kai tsaye.

A cikin ciki kuwa PPD guba ce mai kisa. Likitoci a Khartoum ta Sudan, inda ake haɗa shi da lalle kamar yadda muke yi, tun shekarun 1980 suke wallafa rahoton mutanen da suka haɗiye shi, har da ƙananan yara: wuya da harshe su kumbura su toshe hanyar iska, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ƙoda ta tsaya. Ba shi da makari, sai dai a taimaki numfashi da ƙoda har jiki ya fitar da shi. Garin da ke cikin 'yar leda a kan madubi, yaro ba ya bambanta shi da abin lasa. A ɓoye shi inda ake ɓoye maganin ɓera. Idan yaro ya sha, kada a ɓata lokaci da manja ko madara, a tafi da shi da ledar a hannu.

Ranar aiki

Kada a rina kai ranar da aka yi tsifa, musamman in kitson ya ja fata ko an sosa da tsinke. Fatar da ta yi rauni ta fi shan sinadari. Mai ƙuraje ko gyambo ko amosanin da ya yi tsanani ta fara magance shi. Ba a so a wanke kai ranar. Maiƙon kwana ɗaya ko biyu yana kare fata, amma gashin da aka cika da man kitso rini ba ya kama shi da kyau.

Masu sa rilaksa su ne suka fi asarar gashi. Rilaksa tana karya ginin silin gashi don ya miƙe, rinin dindindin kuma yana buɗe rufinsa. A haɗa su rana ɗaya, sai a ga gashi a mataji dunƙule-dunƙule. A fara rilaksa, a jira aƙalla mako biyu, sannan rini. Bilicin a kan gashin da ya sha rilaksa kuwa, a manta da shi.

Sauran aikin tsari ne. Wuri mai iska, tsohuwar riga, safar hannu, kwanon roba ba na ƙarfe ba. A shafa basilin a gefen goshi da kunne da ƙeya don kada fata ta kama. A raba gashi gida huɗu, a fara daga inda furfura ta fi yawa, domin ta fi taurin kai. Gashinmu cukukke ne yana shan rini, mai yawan gashi ta tanadi kwali biyu kada ya yanke mata a tsakiya. A saita agogon waya daidai da mintocin da takardar ta faɗa. Ƙara lokaci ba ya sa launi ya daɗe, fata kawai yake ci. Rufe kai da leda a zauna a rana dabarar lalle ce, ba ta rinin kanti ba, sai in takardar ta ce a yi. A ɗauraye da ruwa mai ɗan ɗumi har ya fito garau, a sunkuyar da kai yadda ba zai shiga ido ba.

Idan tsiro ya fito bayan mako huɗu zuwa shida, tushen kawai ake taɓawa. Maimaita rini a kan dukkan gashi kowane wata shi ke sa bakin gashi ya yi baƙi ƙirin, ya bushe kamar tsintsiya, ya fara karyewa.

Gira da gashin ido ba a kai musu rinin kai. A farkon shekarun 1930 wani kwalliyar gashin ido mai suna Lash Lure, mai ɗauke da PPD, ya makantar da mata a Amurka, yana kuma cikin abubuwan da suka sa aka yi dokar kayan kwalliya ta 1938 a ƙasar. Masu gemu su ma su lura, fatar fuska ta fi ta kai laushi, gashin baki kuma yana dab da leɓe da hanci.

Abin da ya rage a kwano a zubar. Ba ya ajiyuwa, kuma in aka toshe shi a kwalba yana iya kumbura ya fashe. Wajen saye a duba lambar NAFDAC, ranar lalacewa da jerin sinadarai. Ƙullin da ba suna ba rubutu, ko kwalin da ya sha rana a kan tebur har ya koɗe, arharsa ba ta kai kuɗin katin asibiti ba.

Maganar kansa da juna biyu

Ana yawan tura saƙo a WhatsApp cewa rini yana kawo kansa. Abin da bincike ya nuna bai kai haka kaifi ba, bai kuma wanke shi tas ba. A 2019 masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka wallafa nazarin mata 46,709, kowacce tana da 'yar uwar da ta yi sankarar mama. Sun ga masu amfani da rinin dindindin sun fi sauran haɗarin kamuwa da kashi 9 cikin 100, a tsakanin baƙaƙen fata kuwa ƙarin ya kai kashi 45. Shekara guda bayan haka wani nazarin da ya bi ma'aikatan jinya mata 117,200 tsawon shekara 36, wanda mujallar BMJ ta buga, bai ga alaƙa da yawancin nau'o'in kansa ba, sai dai kusan duk matan fararen fata ne.

Hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin masu gyaran gashi, waɗanda ke cuɗanya da sinadaran kullum, a sahun abubuwan da mai yiwuwa suna jawo kansa, amma ta ce hujja ba ta isa a yanke hukunci a kan mai rina kansa ba. Abin da mai hankali zai ɗauka a nan shi ne rage yawan yi, sa safar hannu, da taƙaita taɓa fata. Masu shago da ke kwaɓa dayis da hannu tsirara daga safe zuwa dare, su ne suka fi cancantar wannan gargaɗi.

Ga mai juna biyu, abin da ke shiga jini ta fatar kai kaɗan ne, amma likitoci da yawa suna ba da shawarar a jira makonni 12 na farko su wuce.

Abin da malamai suka ce

Tambayar da takan biyo baya a wurinmu ita ce ta halacci. Sauya launin furfura yana da asali a Sunna. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, Annabi (SAW) ya yi umarni a sauya launin, a kuma nisanci baƙi. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Abubakar yana rini da lalle da wani ganye mai suna katam, Sayyidina Umar kuma da lalle zalla.

A kan baƙi ne aka yi saɓani. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta tafi a kan cewa makaruhi ne ba haramun ba, kuma babu laifi a lalle da katam. Wasu malaman, kamar Imam Nawawi, sun ɗauke shi haramun. Inda ba a saɓa ba shi ne yin sa don yaudara, kamar ɓoye shekaru wajen neman aure. Game da alwala da wanka, abin da malamai suka yi bayani shi ne launi ba shamaki ba ne, muddin an wanke kwaɓin ya fita. Mai son tafiya da kwanciyar hankali ya tambayi malaminsa. Abin lura dai shi ne haɗin lalle da katam da magabata suka yi, aikinsa ɗaya da haɗin lalle da baba.

Gwaggo ta yi kwana uku a asibiti, fatar bayan kunnenta ta ɗauki makonni kafin ta daina saɓa. Likita ya rubuta mata haruffa ukun nan a takarda ya ce ta riƙa dubawa a jikin duk abin da za ta shafa. Yanzu lalle take kwaɓawa duk bayan wata guda, gaban goshinta ja kamar na kakarmu. Da aka zo sunan jikarta, mai lalle ta buɗe jaka ta fito da kwalbar dayis, gwaggo ta janye hannunta ta ce a yi mata ja, ta kuma hana a zana wa ƙananan yaran gidan.